Ta Nesa Na Ce

Takardu biyu ne a kan katifar Auta, kuma tun da gari ya waye take kallonsu kamar wadda aka ce ta zaɓi idon da za a bar mata.

Shekara uku tana neman jami'a ba ta samu ba, sai ga biyu sun ba ta gurbi a lokaci ɗaya. Ɗaya tana nan cikin gari, mota ɗaya ce daga bakin titi. Ɗayar kuwa sai an yini an kwana a hanya. A gidansu ba a kiransu da suna, "ta kusa" da "ta nesa" kawai ake cewa.

Ƙa'idar ba ta da sassauci. Gurbi ɗaya za ka shiga shafin intanet ka danna ka karɓa, kana dannawa ɗayan ya rufe har abada. Yau kuma ita ce ranar ƙarshe. Ƙarfe huɗu na yamma, wanda bai danna ba ya rasa duka biyun.

Ta kusa gudanar da kasuwanci ta ba ta, kwas ɗin da ake ɗan taɓa komai a wuce. Ta nesa kuwa banki da harkokin kuɗi ta ba ta, abin da take mafarki tun tana sakandare. A can, shekara ta uku ana tura ɗalibai gidajen zuba jari su yi wata shida suna koyon aiki, kuma daga nan ake ɗaukar da yawansu. Auta ta haddace jerin darussan kamar karatun jarrabawa.

Sai dai ita kaɗai ta san wannan. A duk faɗin gidan, babu mahaluki ɗaya da ya taɓa tambayarta me ake karantawa a ko'ina.

Su wani lissafin suke yi.

Akwai Dogo, mai shagon kwamfuta da fotokofi a ƙarshen layinsu, wanda ya yi shekara biyu yana yanko mata shafin farashin hannun jari daga tsofaffin jaridu yana ajiye mata a ambulan. Shi Gwaggo take kira "na kusa", tana taɓe baki.

Akwai kuma Manaja, aminin Yaya Babba, wanda yake riƙe da reshen banki a garin da ta nesa take. Shi ne "na nesa", kuma in Gwaggo ta ambace shi har wani lumshe ido take yi.

Tun rasuwar mahaifinsu Yaya Babba ke riƙe da gidan, kuma wata biyu da suka wuce ya yanke hukunci a tsakar gida, yana kaɗa mukullin mota.

"Ƙwarya ta bi ƙwarya, Auta. Mutumin da aikinsa buga takardun mutane, shi ko ɗaya ba shi da ita? Kada in sake ganin ƙafarki a shagon nan. Ta nesa kuma, ba zan tura ƙanwata garin da ba ta da kowa ba. In can kike so, sai an tsayar da maganarki da Manaja. In ba haka ba, ga ta kusa nan, ki je ki dawo ina ganinki."

Ta kalli Inna ran nan. Inna ta sunkuyar da kai kan wankin da take yi.

"Duk abin da yayanki ya ce," in ji ta. Kalmar kenan da ta rage a bakinta tun da aka fita da gawar mijinta.

Auta ta ɗauki takardar ta nesa ta ɗora a ƙirji. Shekararta ashirin da uku. Sa'o'inta suna gab da gama digiri, wasu har sun daina ɗaga wayarta. In ta bar wannan, ta san ba za ta yafe wa kanta ba.

Aka bankaɗo labule.

"Ke 'yar nan, har yanzu kina nan kina gadin takarda kamar kaza a kan ƙwai?" Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinta, da mayafi a kafaɗa. "Rana ta yi. Kin yanke ko sai na yanke miki?"

Auta ta ja numfashi.

"Na yanke, Gwaggo. Ta nesa."

"Na nesa!" Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yau na san jinin yayana ne a jikinki!"

"Gwaggo, ta nesa na ce. Makaran—"

Ina! Kunnen Gwaggo rariya ne, abin da take so shi kaɗai yake wucewa. Kafin Auta ta sauko daga katifa, ta ji muryarta a tsakar gida tana yi wa Inna albishir, ta ji tana kiran Yaya Babba a waya, sannan ta ji ƙarar ƙofar waje.

Ta leƙo. Inna na shanya, bayanta kawai ake gani.

"Inna, ba haka na ce ba fa."

Inna ta matse riga, ta yarfa ta a kan igiya.

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Auta ta koma ɗaki ta zauna a bakin katifa. Gida cike da mutane, amma ji take kamar a ƙasan rijiya take magana.

Ta jawo ƙaramar wayarta mai maɓalli. Da ma wayar ba ta hawa intanet, shi ya sa Dogo ne ya cike mata fom, shi ya buɗe mata shafin, kuma lambar sirrin tana hannunsa. Yarjejeniyarsu ita ce in ta yanke ta kira shi, shi kuma ya danna.

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba.

Ta bari aka jima ta sake kira. Haka.

A karo na biyar aka ce wayar a kashe take.

Dogo ba ya kashe waya, ko wuta aka ɗauke kwana uku sai ya san yadda ya yi. Ta zauna tana kallon agogon bango yana cin lokaci. Sha biyu. Ɗaya. Ta yi salla, ta sake kira. A kashe.

Biyu da rabi ta miƙe ta zura hijabi.

"Ina zuwa?" Inna ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Shagon da aka hana ni."

Ta tsaya ko za a ce mata kada ta je. Ko a ce ta je. Ko ma a zage ta. Inna ta juya ta koma kicin.

Layin shiru, rana ta kori kowa. Ta wuce mai faci, ta wuce kantin magani, tun daga nesa ta hango abin da take tsoro. Ƙofar shagon a rufe, da kwaɗo.

Baba Tela, mai shagon da ke jikin na Dogo, ya ɗago kai daga keken ɗinkinsa ya zare tabarau.

"A'a, amarya da kanta?"

"Baba, wace amarya kuma?"

"Yo ba gwaggonki ce ta zo nan da hantsi ba? Ta tsaya a tsakiyar shagon yaron nan, gaban ɗalibai sun kai goma, ta ce, 'Kai na kusa, ka iya buga katin biki mai ruwan zinare? Auta ta zaɓi na nesa, kuma mu ba ma son aikin ƙasa-ƙasa.' Ni da nake nan sai da allura ta soke ni."

Auta ta dafa bango.

"Shi kuma me ya ce?"

"Cewa ya yi ya iya. Ya sallami ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗan danne-dannensa, na ji firinta ta yi kuka sau ɗaya, ya rufe shago." Baba Tela ya jawo ambulan daga ƙarƙashin yadin da yake yankawa. "Ya ce in kin aiko a ba ki wannan."

Ta buɗe ambulan ɗin. Ya yi danne-danne. Mutumin da aka ci wa fuska a gaban jama'a, ga lambar sirri a hannunsa, ga gurbin da zai tsare ta a garin nan shekara huɗu yana kallonsa. Wanne ya danna?

Ta zaro takardar.

Tambarin ta nesa ne a sama. Sunanta. Banki da harkokin kuɗi. An karɓa, ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in.

A ƙasa, da biro, ya rubuta lambar sirrin. Sai layi ɗaya: *Ki canza ta. Allah ya ba ku zaman lafiya.*

Hawaye ya ɗiga a kan kalmar "ku" har tawadar ta baje.

"Baba, ina yake?"

"Ya ce in ce ya yi tafiya." Baba Tela ya mayar da tabaransa, ya taka keke. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin matafiyin da ya bar babur ɗinsa a ƙofa ba. Ki duba bayan shago wajen janareta."

A can ta same shi, zaune a kan bulo, ya kwance janaretan da lafiyarsa ƙalau, ya baje ƙusoshi a kan kwali. Dogayen ƙafafunsa sun rasa wurin zama. Bai ɗago ba.

"An hana ki zuwa nan."

"Me ya sa ka kashe waya?"

"Caji ya ƙare."

"A shagon da kake yi wa rabin unguwa caji?"

Ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma.

"Ranki ya daɗe, gwamnar banki," ya ce a hankali. Sunan da yake tsokanarta da shi kenan, amma yau babu dariya a ciki. "Na gama aikina. Katin kuma ki ce wa Gwaggo ta kai wani wurin. Na ce na iya ne don kada yara su ga idona."

"Dogo, dube ni."

Ya ɗago. Idanunsa jajur.

"Ta nesa na ce. Ta! Makaranta! Gwaggo ce ta mayar da ita namiji tsakanin ɗakina da tsakar gida."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Ta?"

"Ta."

Wata 'yar dariya ta kufce masa, wadda ta fi kuka ciwo, ya dafe goshi da hannun da ya yi baƙi da mai.

"Harafi ɗaya," ya ce. "Tun hantsi nake binne kaina a kan harafi ɗaya."

"Kai da kake gyara wa mutane kuskuren rubutu." Ta tsare shi da ido. "Shekara biyu, Dogo. Shekara biyu kana jin bakina, amma rana ɗaya Gwaggo ta buɗe nata ka yarda. Na kira ka ya fi sau biyar. Ba ka ga ya kamata ka ji daga gare ni ba?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Kada ki ce gaskiya ne." Ya ɗauki tsumman da ya faɗi. "Auta, ni fa na san kaina. Shi yana da ofis mai sanyi, yana da mota, yana da yayanki. Ni me nake da shi? Firinta mai cin takarda. Da Gwaggo ta faɗa, wani abu a raina cewa ya yi, da ma ka sani."

"To me ya sa ka danna mini ta nesa? Ga ta kusa a gabanka. Da ka danna ta, wa zai iya warwarewa?"

Ya kalli ƙusoshin.

"In faɗa miki gaskiya ko in faɗa miki mai daɗi?"

"Gaskiya."

"Na ɗora kibiyar kwamfuta a kan ta kusa. Wallahi na ɗora. Minti goma yatsana yana kai. Na ce in na danna, ko ta tsane ni dai zan riƙa ganin wucewarta da safe."

Auta ta ja da baya taku ɗaya. Har shi?

"Sai na tuna ranar da kika tsaya a ƙofar shagon nan kina yi mini bayanin yadda kamfani yake sayar da kansa gunduwa-gunduwa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Ban gane rabin abin da kika ce ba. Amma ban taɓa ganin fuskarki ta yi haske irin na ran nan ba, ko da kuwa ni kike kallo." Ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatunsa. "Na ce ko wa ta zaɓa, karatun nata ne."

Nan kukan da take riƙewa tun safe ya ƙwace. Ta juya ta jingina goshi da bangon shago tana sheshsheƙa, shi kuma yana zaune ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Kowa miji yake gani," ta ce cikin kuka. "In na ce kusa, an ce kai. In na ce nesa, an ce shi. Ni ce na zauna jarrabawar nan sau uku, Dogo. Ni ce! Amma ko sau ɗaya ba a tambaye ni me ke cikin makarantar ba."

"Ki yafe mini."

"Shekara huɗu ce fa. A garinsa. Kullum za a kawo maka labari. An gan ta a motarsa, an gan shi a ƙofar hostal ɗinsu. In harafi ɗaya ya sa ka rufe shago, jimla guda me za ta sa ka yi?"

Ya ajiye tsumman ya dube ta.

"Ba zan ce ba zan ji ciwo ba," ya ce. "Amma ba zan sake kashe waya ba. Wannan na iya alkawarinsa."

Ta share fuska da gefen hijabi.

"Yayanki ba zai bar ki ki tafi ba in babu Manaja," ya ƙara. "Kin san haka. Kuma ta kusa ta riga ta rufe. Ni na rufe ta da hannuna. In ya ƙi, shekara ta huɗu kenan kina gida."

"Na sani."

"Bari in wanke hannu in raka ki."

"A'a." Ta ninke takardar ta mayar a ambulan. "In ka shiga, maganar ta sake zama ta maza. Wannan tawa ce."

Tun daga kan kwana ta hango farar motar Manaja a ƙofar gidansu. Da ma Manaja yana gari tun farkon mako, hutu ya ce ya ɗauka. Ashe albishir ɗin Gwaggo bai tsaya a shago ba.

A falo ta same su. Yaya Babba a kan doguwar kujera, fuska a sake kamar ranar da aka ƙara masa girma. Manaja a gefensa, farar riga ba ko ƙura, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Gwaggo na kan darduma tana lissafa wa kanta waɗanda za a fara sanarwa.

"Ga ta nan!" in ji Gwaggo. "Kunya ce ta kore ta."

Auta ta durƙusa ta gaishe su. Manaja ya amsa da murmushi.

"Ƙanwata, an ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Kada ki damu da komai, har ɗaki na sa a duba miki kusa da makarantar. In kin gama kuma, kujera tana jiranki a wajenmu, ba sai kin sha wahalar neman aiki ba."

"Na gode, Yallaɓai. Amma akwai gyara."

Ta miƙa wa Yaya Babba takardar da hannu biyu.

"Ta nesa na zaɓa, Yaya. Makarantar. Ita kaɗai."

Yaya Babba ya karɓi takardar.

"Ke, da kunnena na ji kin ce na nesa!" Gwaggo ta zabura.

"Ta na ce, Gwaggo. Har sau biyu."

"Yo ta da na ai duk tafiyarsu ɗaya!"

"Ba ɗaya ba ne. Ɗaya karatu ce, ɗaya aure." Ta juya ga Manaja, idonta a ƙasa. "Yallaɓai, ba ka taɓa yi mini komai ba sai alheri, shi ya sa ba zan bari ka kama ɗaki a kan kuskuren ji ba. Ka yi haƙuri."

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Ya kalli amininsa, ya kalli mukullin motarsa.

Yaya Babba ya karanta takardar har ƙasa, har inda tawadar biro ta baje. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Rubutun wa ne wannan? Shagon kika je?"

"Na je."

"Bayan na hana ki?" Ya miƙe tsaye. "To ki buɗe kunne. Sharaɗina bai canza ba. Tun da kin watsa mini ƙasa a ido gaban baƙo, gobe ki shirya, ta kusa za ki."

Ya kama takardar da hannu biyu zai raba ta.

"Yaga, Yaya," ta ce. "Takarda ce kawai. An danna tun sha ɗaya da minti arba'in. Ta kusa ta rufe, ba ta buɗuwa. Ko dai ta nesa, ko in ci gaba da zama a ɗakin can ina kallon bango."

Agogon falo ya buga huɗu.

Auta tana durƙushe a tsakiyar kafet ita kaɗai, mutum uku a kanta, ba ta da ko inuwar da za ta raɓa.

Sai aka ji takun silifas.

Inna ce ta fito daga kicin, tana goge jiƙaƙƙen hannunta da gefen zani. Ba ta kalli kowa ba. Ta zo gaban ɗanta ta miƙa hannu. Ya sakar mata.

Ta zauna a ƙasa kusa da Auta, ta shimfiɗa takardar a kan cinyarta, tana shafa inda ta yamutse da tafin hannu. Ba ta iya karanta boko ba, amma ta daɗe tana kallon tambarin.

"Inna," in ji Yaya Babba, "kin ga irin—"

"Da Auta nake."

Ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Wai ni kam, 'yar nan, me ake karantawa a can ɗin?"